Tecumseh: Tikamsa ake cewa ko Tikamsi? Masana ku shigo dan Allah

Abban Hanifa:
Slm jama'ar gidan nan. Ina da tambaya ga masu Turanci da masu tarihi. Sunan shugaban nan na ƙabilar Shawnee da ya yaƙi Amurkawa, wanda ake rubutawa Tecumseh, yaya ake furta shi? Darasi nake shiryawa na murya a kan yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Birtaniya zan tura ma ɗalibai, to na saurari Turawa biyu a YouTube ɗaya yana cewa Tikamsa ɗayan kuma Tikamsi, kuma dukkansu Amurkawa ne. Ba na son in cusa ma yara abin da ba daidai ba su tashi da shi.

Maman Iman:
Wslm Malam. Ni kam da na gani Tecumse na karanta, da c irin ta ciki da cokali. Ashe ba haka bane?

Malam Mai Nahawu:
A'a Maman Iman, wannan karatun Hausa kika yi masa, kuma duk Bahaushen da ya ga sunan karon farko haka zai karanta. A Turanci c in ta zo kafin u to k ce. Ita kuma u ɗin nan ba u ɗinmu bace, ta fi kusa da gajeriyar a, shi ya sa ake jin kam ba kum ba. Gaɓa uku ce, ti-kam-sa, kuma a ta tsakiya ake danna murya, ta farkon a gurguje ake wuce ta har wani lokaci sai ka ji kamar ta ko te. Ita h ɗin ƙarshe ba a furta ta sam. Game da tambayar Abban Hanifa kuwa, manyan ƙamus na Turanci duka biyun suke kawowa, da Tikamsa da Tikamsi, don haka duk wanda ka ɗauka babu Baturen da zai ce ka yi kuskure.

Abban Hanifa:
Na gode Malam. Amma ai dole akwai wanda ya riga wani, ko wanda ya fi kusa da asali.

Oga Mai Firji:
Kai jama'a wlh ban taba sanin sunan mutum bane. Mu a wajen gyaran firji da na'urar sanyaya daki akwai kwamfireso mai wannan sunan Tecumseh, mun dade muna aiki dashi, a kasuwa wasu suce takumse wasu suce tekumshe kowa dai yadda bakinsa ya bashi mai kaya kuma ya gane ya dauko maka. Dama sarki ne?

Kawu Tarihi:
Oga, kamfanin sunan gari ya ɗauka, wani gari ne a jihar Mishigan ana ce masa Tecumseh, can aka kafa shi a 1934, shi kuma garin sunan mutumin aka sa masa. Sarki kam ba irin namu na gado da fada ba, jagoran yaƙi ne kuma mai baki, mutum ne da in ya miƙe yana magana a taro har abokan gabansa sai sun yaba. An haife shi wajen 1768 a yankin da yanzu ake kira jihar Ohayo. An kashe mahaifinsa Puckeshinwa a yaƙin Point Pleasant a 1774 yana yaro ƙarami, wansa Cheeseekau ne ya koya masa farauta da yaƙi, shi ma daga baya aka kashe shi a fagen fama. Kun ga tun yana yaro abin da ya buɗe ido ya gani kenan, ana ƙona musu garuruwa ana turo su yamma.

Ɗalibi a Winsa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Bari in sa baki tunda abin ya zo unguwarmu. Ina karatu a Windsor ta jihar Ontariyo a Kanada, akwai gari manne da mu ta gabas sunansa Tecumseh, akwai kuma babban titi mai wannan sunan da ya ratsa birnin. Mutanen nan Tikamsi suke cewa, da i a ƙarshe, direban bas da mai shago da kowa. Na Mishigan ɗin ma da Kawu ya ambata, tsallaken ruwa ne daga nan, su ma Tikamsi suke cewa. Kuma ku lura nan ne yankin da mutumin ya yi yaƙinsa na ƙarshe, inda ya faɗi bai kai tafiyar awa biyu a mota daga nan ba. Ni dai a ganina bakin mutanen da abin ya faru a ƙasarsu ya fi na mai karanta labarai a talabijin.

Malam Mai Nahawu:
Ɗalibi ka kawo hujja mai kyau amma a yi hattara, sunan gari daban sunan mutum daban. Gari yakan riƙe furucin mutanensa ko da ya saɓa ma na asali. Kuma wannan sa da si ɗin ba a kan Tecumseh kaɗai Amurkawa suke yinsa ba, jihar Missouri ma wasu Mizuri suke cewa wasu Mizura, har 'yan siyasar jihar sukan canja gwargwadon inda suke kamfe. Akwai Miami ta Fulorida da ake cewa Mayami, akwai kuma Miami ta Oklahoma da mutanenta ke cewa Mayama. Wasalin ƙarshe in ba a danna shi ba a Turancin Amurka yawo yake yi tsakanin i da a.

Kawu Tarihi:
To bari in ba ku wata hujja da ni ta fi gamsar da ni, ta fito ne daga waƙar kamfe. Akwai wani kanar ɗan jihar Kentaki, Richard Mentor Johnson, wanda aka yi ta yayatawa cewa shi ne ya harbe Tecumseh a yaƙin kogin Thames ranar 5 ga Oktoba 1813. Ba Thames ta Landan ba fa, wata ce a Kanada. Babu wanda ya tabbatar shi ɗin ne, amma da wannan ya ci kasuwarsa ta siyasa. A zaɓen 1836 da ya nemi mataimakin shugaban ƙasa tare da Martin Van Buren, magoya bayansa suna rera "Rumpsey Dumpsey, Rumpsey Dumpsey, Colonel Johnson killed Tecumseh". To ku faɗe shi da baki ku ji. Ramsi damsi, sai me zai amsa masa? Tikamsi. In ka ce Tikamsa amsa-amon ya karye, waƙar ta lalace. Kenan shekara 23 kacal bayan rasuwarsa, lokacin da waɗanda suka gan shi da ido suka kira sunansa a gabansa suna nan da rai, jama'ar gari da i suke ƙarasa sunan.

Maman Iman:
Subhanallahi, wato kashe mutum aka mayar waƙar neman ƙuri'a. Ya ci zaɓen kuwa?

Kawu Tarihi:
Ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga 1837 zuwa 1841, duk da sai da majalisar dattawa ta zaɓe shi don bai samu ƙuri'un wakilai da suka isa ba. Kuma ba shi kaɗai ba, William Henry Harrison wanda ya jagoranci sojojin Amurka a wannan yaƙin na Thames shi ma da sunan Tippecanoe ya yi kamfe a 1840 ya zama shugaban ƙasa, Tippecanoe kuwa wurin da ya kai ma garin su Tecumseh hari ne a watan Nuwamba 1811 lokacin shi Tecumseh ɗin ya yi tafiya kudu neman haɗin kan wasu ƙabilu.

Sadauki 04:
Kawu da girmanka amma ni ban yarda waka hujja bace. Mawakin siyasa ai lankwasa kalma yake yadda yaga dama indai zata hau kida, kullum muna ji anan. Kila ma sunan suka lankwasa don ya dace da damsi din.

Kawu Tarihi:
Ɗana ka duba da kyau, ramsi damsi ba ta da wata ma'ana a Turanci, surutu ne kawai. Sunan shi ne kafaffe, shi aka nema ma abokin amsawa. Da Tikamsa suke cewa ai da sun ƙirƙiro wani surutun mai ƙarewa da a, me zai hana su tunda ba ma'ana suke nema ba? Sai ka haɗa da abin da Ɗalibi ya faɗa na garuruwan yankin, ka ga hujja biyu sun haɗu a wuri guda.

Sadauki 04:
Toh wannan kam na karba.

Anti Malama:
Ina ta binku tun ɗazu, duk kuna ta gardama a kan bakin Bature, babu wanda ya tambayi yadda uwar da ta haife shi take kiransa. Mutumin nan ba Bature bane, bai rubuta sunansa da haruffan boko ba, wasu ne suka ji suka rubuta. A harshen Shawnee akwai sautin th, irin wanda ake sa harshe tsakanin haƙora, kuma masana da dama suna rubuta sunan Tecumtha ko Tekamthi saboda shi suke ganin ya fi kusa da yadda mutanensa ke faɗa. A takardun zamaninsa ma rubutun ba ɗaya bane, akwai Tecumthe akwai Tecumseth. Har yau a Ontariyo akwai gari New Tecumseth, akwai titin Tecumseth a Toronto, th ɗin tana nan maƙale a jikinsu. Kenan Tikamsa da Tikamsi duk na aro ne.

Ɗalibi a Winsa:
Gsky ne Anti, na sha ganin New Tecumseth a taswira ina ɗauka wani sunan ne daban.

Malam Mai Nahawu:
Anti ta taɓo inda ya kamata. Kuma mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba tunda abin da muka yi ma harafin sa mai ɗigo uku na Larabci kenan, shi ya sa muke da Usman da Sani da Salisu, a Larabci duk da harshe tsakanin haƙora ake faɗarsu. In kuna son ganin th ɗin Shawnee da ta tsira a bakin Turawa ku dubi birnin Chillicothe a Ohayo, ana cewa Cilikothi, daga sunan ɗaya daga cikin rassa biyar na ƙabilar ne wato Chalahgawtha. Sauran su ne Pekowi, wanda ya ba da sunan garin Piqua, da Mekoche da Hathawekela da Kispoko, kuma shi Tecumseh ɗan Kispoko ne ta wajen uba.

Sadauki 04:
Amma Malam mu bamu da th shi yasa muka maida s. Su turawan ai suna da ita, think, thank, kullum ita suke ci mana fuska da ita a makaranta. To me ya hanasu fadin nasa daidai?

Malam Mai Nahawu:
Tambaya mai kyau. Zato na shi ne hanyar da sunan ya bi kafin ya iso takarda. Ba kai tsaye yake zuwa ba, ta bakin tafinta ne da 'yan kasuwar fatu, da yawansu masu jin Faransanci ne wanda shi ba shi da th, wasu kuma 'yan wasu ƙabilun ne maƙwabta. Sai hafsan soja ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi ya aika, jarida ta buga, wanda aka fi bugawa shi ya zauna. Daga nan kuma mutane suka koma karanta rubutun maimakon sauraron masu sunan, duk wanda ya ga eh a ƙarshe sai ya ce a.

Hajiya ta Damagaram:
Ina kwananku. Wannan zance ya taɓa ni don mu ma an yi muna. Sakkwato ta koma Sokoto a takarda, Gwandu aka rubuta Gando, mu nan kuwa Bafaranshe ya rubuta Zinder da Maradi da Tahoua, yanzu yaro ɗan boko sai ya ce Maradi ba Maraɗi ba don haka ya gani a allo, alhali kakarsa na gida tana faɗin daidai. Ni ra'ayina Malam Abban Hanifa ka faɗa ma yara Tekamthi kawai, sunan da iyayensa suka raɗa masa. Mutum ya ba da ransa don kada a ƙwace ƙasarsu, an ƙwace ƙasar, a bar masa ko sunan mana.

Abban Hanifa:
Hajiya maganarki ta shige ni. Matsalar ita ce in yaro ya je ya rubuta Tekamthi a jarrabawa ko ya nema a intanet ba lallai ya samu abin da yake nema ba.

Anti Malama:
Hajiya ina tare da ke a zuciya amma akwai wani abu. Su kansu Shawnee na yau ba su ƙare ba fa, suna nan a Oklahoma inda aka kora su bayan dokar tashin ƙabilu ta 1830, ƙungiya uku ne da gwamnatin tarayya ta amince da su, Absentee Shawnee da Eastern Shawnee da kuma Shawnee Tribe wadda hedikwatarta ke wannan Miami ɗin da Malam ya ce ana kira Mayama. Yawancinsu Turanci suke yi yanzu, masu jin harshen sosai sun zama ƙalilan kuma galibi tsofaffi, suna ta ƙoƙarin koya ma yara. In suna rubutu da Turanci su ma Tecumseh suke rubutawa. To bai kamata mu daga nesa mu fi su zaƙewa ba, kuma mu da ba mu ji daga bakin mai harshen ba ko mun ce Tekamthi ba mu san tsawon wasulan ba, sai mu ɓata shi ta wata hanyar muna ganin gyara muka yi. A faɗa ma yara duka, ga na Turanci ga yadda ake kyautata zaton na asali yake, ga dalilin da ya sa suka bambanta. Wannan bambancin ai shi kansa darasi ne.

Hajiya ta Damagaram:
Na ji Malama, amma a fara da nasu kafin na Bature. Abin da yaro ya fara ji shi yake riƙewa.

Oga Mai Firji:
Dan Allah sunan yana da ma'ana kuwa? Naji ance indiyawan daji duk sunansu da ma'ana.

Anti Malama:
Oga don Allah a daina cewa Indiyawan daji, finafinan kaboyi ne suka saba mana da shi. Mutane ne masu garuruwa da gonakin masara da majalisar dattawa, ba Indiyawa bane kuma ba a daji suke ba. 'Yan asalin Amurka ya fi, ko a kira kowace ƙabila da sunanta.

Oga Mai Firji:
Toh Anti an daina insha Allah.

Kawu Tarihi:
Yana da ma'ana Oga. Ana fassara shi da tauraro mai tsinkewa ya ratsa sama, wasu su ce damisa mai tsallake hanya, kuma biyun ba su saɓa ba don a wajensu irin wannan tauraron ana danganta shi da wata damisa ta sama, shi kuma ɗan zuri'ar damisa ne. Abin da ya ƙara ma sunan kwarjini shi ne a 1811 da yake zagayen ƙabilun kudu, su Creek da Choctaw da Chickasaw, sai ga wata babbar tauraruwa mai wutsiya ta bayyana ta yi watanni ana ganinta, a watan Disamba kuma aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfi a yankin New Madrid ta Missouri. Da yawa suka ɗauka alama ce. Saƙonsa kuwa ɗaya ne duk inda ya je, ƙasa ta dukkan ƙabilu ce a haɗe, babu wani shugaba guda da ke da ikon sayar da ita shi kaɗai. Shi ya sa ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar Greenville ta 1795, kuma da Harrison ya karɓe kusan eka miliyan 3 a yarjejeniyar Fort Wayne ta 1809 ya je har garin Vincennes inda Harrison yake a 1810 ya faɗa masa ido da ido cewa ba su yarda ba. Sai dai ku sani duk jawabansa da ake yawo da su ta bakin tafinta suka zo, kamar yadda sunan ya zo.

Sadauki 04:
Kawu shine wanda akace ya tsine ma shugabannin Amurka duk wanda aka zaba a shekara mai sifili a karshe sai ya mutu akan mulki?

Kawu Tarihi:
Shi ake jingina ma wa, wasu su ce ƙaninsa Tenskwatawa. Mutuwar kam ta faru, Harrison na 1840 wata ɗaya ya yi a kan mulki, sai Lincoln 1860, Garfield 1880, McKinley 1900, Harding 1920, Roosevelt 1940, Kennedy 1960, Reagan na 1980 aka harbe shi ya rayu. Amma babu wata takarda ta zamaninsa da ta nuna ya yi wannan tsinuwa, daga baya can aka ƙirƙiro aka liƙa masa. Abban Hanifa kada ka sa wannan a darasi, yara za su riƙe shi su manta da ainihin mutumin.

Malam Mai Nahawu:
Wani abu da na tuna a kan inda ake danna murya. Janar William Tecumseh Sherman na yaƙin basasar Amurka, an haife shi a Lancaster ta Ohayo a 1820, mahaifinsa ne ya sa masa sunan don yana ganin girman mutumin. A gida Cump suke kiransa, Kamp, wato gaɓar tsakiya suka yanko, wanda ke nuna maka tun lokacin a nan nauyin sunan yake.

Anti Malama:
Kuma wannan Sherman ɗin shi ne babban kwamandan sojojin Amurka daga 1869 zuwa 1883, lokacin da aka murƙushe ƙabilun filayen yamma aka tura su sansanoni. Yana ɗauke da sunan a jikinsa yana wannan aikin. Duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci wlh. Sunan sun so shi, sun sa ma garuruwa a Mishigan da Nebraska da Kansas da Oklahoma, sun sa ma jiragen ruwan yaƙi, amma abin da mai sunan ya roƙa ko taku ɗaya ba su bari ba.

Ɗalibi a Winsa:
A nan Kanada kuma Tecumseh gwarzo ne a wajensu, ana koyar da shi a makaranta tare da Janar Isaac Brock na Birtaniya saboda su biyun ne suka karɓe Detroit a watan Agusta 1812 ba tare da wani dogon faɗa ba. Abin da ba a cika jaddadawa ba shi ne a ranar da Tecumseh ya mutu sojojin Birtaniya ƙarƙashin Janar Procter watsewa suka yi suka bar shi da mutanensa a fagen. Har yau ba a tabbatar da inda kabarinsa yake ba.

Abban Hanifa:
Allah ya saka da alheri jama'a. Ga yadda zan yi, zan fara da cewa mutanensa Tekamthi ko Tecumtha ake kyautata zaton suna kiransa kamar yadda Hajiya ta nema, sai in rubuta musu Tecumseh in ce haka za su gani a littafi, a sauran darasin kuma Tikamsi zan riƙa cewa saboda hujjar Kawu da ta Ɗalibi. Saura na ƙanin nasa, Tenskwatawa, shi ma sai na ambace shi don shi ne mai wa'azin da aka kafa garin Prophetstown a kansa a 1808.

Malam Mai Nahawu:
Wannan ya fi sauƙi a bakin Bahaushe, yadda aka rubuta haka za ka karanta, tens-kwa-ta-wa, kwa ɗin irin ta kwano. Ba shi ne sunansa na farko ba, da Lalawethika ake kiransa, sai bayan ya fara wa'azi ya ɗauki wannan, ana fassara shi da buɗaɗɗiyar ƙofa. Ka lura da th a cikin na farkon, ita a nan ba ta ɓace ba, ka sa harshe tsakanin haƙora in za ka faɗa.

Hajiya ta Damagaram:
In ka gama naɗa ka turo muna nan mu saurara kafin ka ba yara, ina son in ji yadda th ɗin za ta fita.